Neman akwatunan geocaching a tsohuwar hanyar Route 66 ta Amurka: Seligman ko Oatman?

Baban Hanifa: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan fita da yara biyu neman akwatunan nan da ake ɓoyewa, ka bi GPS ka gano, ka rubuta sunanka a takardar ciki ka mayar. Daga garin Kingman na jihar Arizona za mu tashi a motar haya, yini ɗaya gare mu. Mu bi ta Hackberry zuwa Seligman, ko mu hau dutse mu gangara Oatman?

Ɗan Fagge: Ku je ɓangaren Kalifoniya, wajen Amboy, can ne akwatuna suke a jere.

Baban Hanifa: Malam, yini ɗaya na ce.

Maman Sadik: Yaya, Seligman. Hanyar a shimfiɗe take, kusan mil 87, kuma tun da babbar hanyar I-40 ta kauce wa garin a 1978 motoci suka ragu, sai ka tsaya a nutse. Ta Oatman kwana ce bisa kwana a mashigin dutsen nan, Sitgreaves Pass. A Peach Springs, kan hanyar Seligman, kada ku sauka daga titi, ƙasar ƙabilar Hualapai ce, sai da izini.

Bazazzagi: Ni dai Allah ya isa. Bara na ratse hanyar ƙasa saboda akwati ɗaya, dutse ya farka min taya, waya ba sabis, ruwa ya ƙare, ga rana kamar ta dafa mutum. Awa uku na yi kafin wani dattijo ya tsaya. Janwe ya ci dala 400, kamfanin haya kuma ya ce inshora ba ta shafi inda babu kwalta ba. Akwatin ma ban gan shi ba.

Ɗan Fagge: 400? Ni 180 na biya.

Bazazzagi: A cikin gari aka ja taka. Ka taɓa taka hanyar ma?

Auta: Baba, ku je Oatman, jakuna ne ke yawo a tsakiyar titi, yara za su ɗauka Sakkwato aka kai su.

Maman Sadik: A bar wasa. Kada yaro ya zura hannu ƙarƙashin dutse, akwai macijin nan mai kaɗa wutsiya. A fara zungurawa da sanda.

Alhajin Tusan: Bazazzagi, ni ma sun riƙe min kuɗin ajiya wata biyu kan ƙwarzanen da na tarar a jikin motar. Ka ɗauki hoto kafin ka karɓi makulli?

Bazazzagi: Na ɗauka, ranka ya daɗe. Sun ce bai fito sosai ba.