Hana kodin a 2018: an ci riba ko an yi asara?

Ɗan Fagge: Jama'a, raina a ɓace yake. Ranar 1 ga Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, kwana ɗaya bayan binciken BBC kan yadda matasa ke shansa don maye. Me aka samu? Kwalba ta yi tsada, yaranmu suka koma tiramol. Aikin banza aka yi.

Malam Habu: Gyara bakinka, ɗan'uwa. Gwamnati hanawa take yi, Allah ne mai haramtawa. Kodin da likita ya rubuta ba haram ba ne.

Maman Khalifa: Allah gafarta Malam, hadisi fa ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haram ne.

Malam Habu: Hajiya, ki haɗa da babin lalura. Mai ciwon daji da ake yi wa allurar mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, zunubi yake ɗauka?

Maman Khalifa: Wanda ya juye kwalba a cikin lemo ya zauna bakin titi, wace lalura gare shi?

Famasis Rabi: Ku bari in fayyace. Hanta ce ke juya wani kaso na kodin ya zama mofin, kuma a jikin wasu juyin yana da sauri fiye da kima. Abin da ke kisa shi ne numfashi ya yi ta raguwa cikin barci, musamman in an haɗa da giya ko ƙwayar barci. Tiramol kuwa NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, kuma iyakar babba a yini 400 ce. Na bayan fage 225 ne, ƙwaya biyu sun zarce iyaka, shi ya sa mutum ke faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Wanda ya suma, a kwantar da shi ta gefe, kar a ɗura masa madara, a kai shi asibiti a yi masa allurar naloxone, mai karya ƙarfin irin waɗannan magunguna. Kuma masu kemis ba su da izinin ajiye waɗannan magunguna.

Alhaji Mai Kemis: To ga ta nan! Kullum mu. Hajiya, a binciken BBC ma'aikatan kamfanonin haɗa magani aka gani suna fitar da katan-katan, har NAFDAC ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci. Masu kemis ne su?

Famasis Rabi: Alhaji, katan ɗin a shagon wa yake sauka?

Bakano: Ni sharrin da ake yi wa Kano ke ci mini rai. Binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018 kan yawan masu shan ƙwaya ya ba arewa maso yamma kashi 12 cikin ɗari, kudu maso yamma 22.4. Amma da an ce ƙwaya sai a kalle mu.

Maman Khalifa: Wannan lissafin har da wiwi a ciki, Yaya. Kodin ake magana.

Ɗan Fagge: Don Allah tambayata fa?

Malam Habu: Ka janye kalmar tukuna.

Shugaban zaure: A taƙaice, an fahimci cewa ɓarnar daga manyan kamfanoni take, masu kemis bayin Allah ne da ake ɗora wa laifin wasu, kuma an wanke Kano. Hajiya Rabi ta yi bayani, sai dai ta ɗan yi son kai. Maganar haram a kai wa malamai. Na rufe.