Dan Allah masu sanin harkar gidan waya: wai an zo ba a same ni ba, alhali ina gida

Maman_Khalil:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san harkar gidan waya ya taimaka min da shawara, abin nan ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ƙanena ne da yake karatu a Malesiya ya aiko da wasu takardu da ake so Babanmu ya sa hannu a mayar masa kafin ƙarshen wata mai kamawa, ya haɗa da hotuna da 'yar tsarabar yara ba wani abu mai nauyi ba, ya yi musu rajista ya turo min hoton rasit ɗin ta WhatsApp, akwai wata doguwar lamba a jiki da ta fara da R ta ƙare da MY. Sati uku ina bibiya a intanet, na ga ya baro can, na ga ya sauka Legas, ya yi kwanaki shiru, sai ga shi an rubuta ya iso Kano har na yi wa Baba albishir. To shekaranjiya da na duba sai na ga wai an kawo ba a samu mai shi ba, adireshi bai cika ba. Ni kuma wallahi ranar ko ƙofar gida ban leƙa ba, ina nan tun safe har dare, ba wanda ya yi sallama ba wanda ya kira ni a waya.

A Rijiyar Lemo muke, layinmu ba suna kuma gidan ba lamba kamar dai yawancin gidajen wajen. Tambayata ita ce da gaske suna zuwa kuwa ko rubutawa kawai ake yi? Kuma yanzu mayar da shi za a yi can ko akwai inda zan je na karɓa? Takardun nan su ne damuwata, in suka ɓata yaron nan zai shiga matsala da makaranta.

Abba_Dorayi:

Wa alaikumus salam Anti. Kar ki zauna jira, gobe da sassafe ki ɗau lambar nan ki je babban gidan waya ki nuna musu. Ni dai ban cika yarda da wannan an zo ba a samu mutum ba, don ya taɓa faruwa da ni da wani kamfanin kai kaya, takalmi na saya a intanet, yaron ya kira ni sau ɗaya ina cikin sallar la'asar, kafin na idar na kira shi har ya rubuta wai na ƙi karɓa, sai da na yi sati ina zarya. Allah ya fito miki da su lafiya.

Baba_Mai_Fansho:

Salamu alaikum. 'Yata ki kwantar da hankalinki, in sha Allahu takardunki suna nan. Ni wannan aikin na yi har na ajiye, na shiga tun ana ce wa wurin P&T, wato ma'aikatar wasiƙu da tarho, kafin 1985 da aka raba shi gida biyu, masu tarho suka zama NITEL mu masu wasiƙu muka zama NIPOST. Da keke na fara raba wasiƙa, daga baya babur, don haka bari na faɗa miki yadda abin yake ta ɓangaren wanda ya ɗauko jakar.

Farko dai lambar nan taki. Ki ƙirga za ki ga guda 13 ce, harufa biyu, lambobi tara, sai harufa biyu na ƙarshe da suke nuna ƙasar da saƙon ya fito, MY Malesiya ke nan, da daga nan aka aika NG za ki gani. Haka tsarin yake a duk ƙasashen da ke cikin ƙungiyar gidajen waya ta duniya wadda aka kafa tun 1874. R ɗin farko kuma rajista take nufi, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ya sanyaya miki rai, don saƙo mai rajista duk hannun da ya shiga sai an rubuta an sa hannu, masinja ba zai jefa shi a zaure ya tafi ba, ba zai ba yaro ba, in bai samu mai shi ba dole ya dawo da shi ofis a shigar a littafi. Shirun da kika ga ya yi a Legas kuma a nan ake tantance saƙonnin waje, kwastam su duba sannan a ɗaure buhun kowace jiha.

To maganar ko ana zuwa. Ɗana Abba, ba zan ce ba a samun malalaci ba, kowace sana'a akwai shi. Amma abin da na gani da idona shekara da shekaru shi ne yawanci an je, unguwar ce ta ce ba ta san mutumin ba. 'Yata ki duba hoton ambulan ɗin in ya turo miki, ina kyautata zaton sunanki na makaranta ya rubuta, sunan da ke jikin takardun shaida. Wa ya san ki da shi a layinku? A unguwa ke Maman Khalil ce, ko matar wane, ko amaryar gidan wane. Masinja zai tsaya wajen mai shago ya karanto suna cikakke har da na mahaifi, mai shago ya ce bai taɓa ji ba, kuma gaskiyarsa, alhali kullum yaranki a wajensa suke sayen sikari. Maza ma haka ne, na taɓa yini da wasiƙar wani Muhammad Sani a unguwa ɗaya na samu mutum huɗu masu sunan, ashe mai ita kowa da laƙabin sana'arsa ya san shi, ko matarsa ba ta kiran wancan sunan.

Sai na biyu wanda mutane ba sa son a faɗa. Da an ga baƙo da jaka da takarda a hannu yana tambayar gidan wane, abin da yake fara zuwa ran mutane masinjan kotu ne ya kawo sammaci, ko 'yan bashi, ko masu yanke wuta. Sai maƙwabci ya ga rufin asiri ne ya ce bai san shi ba. Sau nawa ina tsaye a ƙofar gidan mutum ana ce min ai ya tashi tun bara. Ban taɓa jin haushinsu ba, zumunci suke yi a ganinsu, amma wasiƙar ɗaukar aiki ce ko ta samun gurbin karatu take komawa da ni a jaka, wannan kam yana min ciwo har yau in na tuna.

Na uku, gidan matan aure ba a shiga. Iyakarmu ƙofar gida, mu yi sallama, in ba namiji mu nemi yaro mu aika. In lokacin makaranta ne layin ba yaro ko ɗaya, ke kina can ƙuryar ɗaki ga fanka ko injin markaɗe na maƙwabta yana ƙara, sallama uku ba amsa dole mutum ya wuce, don akwai wasu saƙonni hamsin a jakar kuma rana tana yi.

Yadda muke yi kuwa, kowane masinja da unguwanninsa, kuma wanda ya daɗe yana da mutanensa. Ni mai unguwa nake fara nema, in ba ya nan limamin masallacin layin, sai mai shayi da mai wanki da guga, su wanki da guga sun fi kowa sanin gidaje. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta kwatance da kaina, wane gidansa na uku bayan famfo, wane ƙofa mai ruwan ganye kusa da injin niƙa, ranar da na yi ritaya na bar wa yaron da ya gaje ni. Da damina leda muke sa wasiƙu a ciki kafin jaka, don in tawada ta jiƙe adireshi ya tafi, wani lungun kuma ruwa ya cika shi sai dai ka jingine babur a bakin titi ka naɗe wando. Da wayar salula ta zo a 2001 aikin ya yi sauƙi sosai, wasiƙun gaisuwa suka ragu, kuma in da lamba a jikin saƙo kira ɗaya ya wadatar. Shi ya sa nake tambaya, wace lamba ƙanen naki ya rubuta? Ki bincika.

Abin yi: gobe ki je da lambar nan a rubuce a takarda, da katin shaidarki mai ɗauke da sunan da ke jikin ambulan ɗin, katin ɗan ƙasa ko na zaɓe ko fasfo. Ki nemi ɓangaren rajista. In maigidanki ne zai je to ki ba shi katin naki da 'yar takarda da kika sa hannu cewa kin wakilta shi. Kar ki bari ya kwana biyu, saƙon da ba a karɓa ba akwai wa'adin da ake ajiye shi, in ya cika mayar wa mai aikowa ake yi. In an ce ki biya wani abu ki karɓi rasit.

Gaba kuma ki ce masa ya riƙa rubuta sunanki, a ƙasa ya sa ta hannun wane, wato sunan maigidan yadda aka san shi a unguwa, sai kwatance da abin da ba ya tashi kamar masallaci ko makarantar firamare, sai lambar waya biyu. Ya sa lambar yanki ma, guda shida ce, ukun farko na shiyyar da za a tura buhun, ukun ƙarshe na wurin rabawa, ta babban ofishin Kano 700001, Kaduna 800001, Sakkwato 840001. In kuma saƙo zai riƙa zuwa muku a kai a kai to ku kama akwatin gidan waya, ana biya duk shekara a ba ku mukulli.

Dan_Zongo_Kumasi:

Baba Allah ya saka da alheri, wallahi kamar zangonmu kake bayani. Mu ma nan Gana haka muka sha fama, gida ba lamba, kwatance sai a ce bayan masallaci wajen mai waakye. A 2017 gwamnati ta kawo GhanaPostGPS, an yanka ƙasar gaba ɗaya murabba'i murabba'i mita 5 da mita 5, kowanne da lambarsa, kana tsaye ƙofar gidanka ka buɗe manhajar a waya ta ba ka, namu na Kumasi da AK suke farawa. Yanzu banki ma suna tambaya. Yana taimako gaskiya, mai babur zai zo har ƙofa. Amma gidajen zango gidan haya ne mai ɗaki goma sha, iyali kala kala, to ya iso ƙofar sai kuma a koma maganar Baba, wa ake nema, wane suna aka san shi da shi. Kuma wasu a wajen aiki ko a kasuwa suka ɗauki lambar ba a gida ba, sai mai kawo kaya ya je can.

Hadiza_Maradi:

Sannunku. Mu nan Nijar an fi sanin akwati, BP muke ce mishi, duk adireshin ma'aikata ko lakwal za ki ga BP da lamba sannan sunan gari, mutum shi ke zuwa ya buɗe ya ɗauka. Wanda ba shi da akwati sai ya ara na wurin aikin wani ɗan uwa. Saƙon cikin ƙasa kuwa gaskiya mutane sun fi kai ma kamfanonin bas, ki ba da da safe a Maradi a kira mai shi a Yamai ya zo da katinshi ya amsa. Amma takardu masu muhimmanci daga waje ni ma rajista nike so, saboda sa hannun nan da Baba ya faɗa. 'Yar uwa in za ku maida mishi takardun ki ɗauki hoton kowace kafin ki rufe ambulan.

Baba_Mai_Fansho:

Hadiza ta kawo shawara mai kyau. Na ƙara da cewa wajen mayarwa ki tambayi EMS, wato saƙon gaggawa na gidan waya, tunda akwai ƙurewar lokaci, ya fi tsada amma ya fi sauri, lambarsa da E take farawa. Takardun kaɗai za ki sa, kar a cusa turare ko batir a ciki don tsaraba, kayan jirgi ne za a iya tsayar da shi saboda su. Fom ɗin kwastam kuma ki rubuta gaskiyar abin da ke ciki.

Maman_Khalil:

Alhamdulillah 'yan uwa na karɓo! Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wallahi duk yadda ka faɗa haka ne. Sunana na makaranta ya rubuta, lambar waya kuma tsohon layina ne da ya ɓata tun kafin ya tafi, shi yake da ita a kansa bai duba ba. Mun je da Abban Khalil wajen ƙarfe tara, na nuna katin ɗan ƙasa na sa hannu a littafi aka miƙo min, ko buɗe shi ba a yi ba. Har na ga wanda ya kawo ɗin, wani dattijo, ya ce sau biyu yana zuwa, ya kwatanta min shagon bakin layinmu da transifoma daidai, ya ce mai shagon ya ce masa ba mai wannan sunan a nan. Da muka dawo Abban Khalil ya tambayi mai shagon ya ce eh an yi haka, shi ya zaci daga kotu ne shi ya sa ya yi shiru, ya yi ta ba da haƙuri.

Dattijon ya karɓi lambar Abban Khalil ya rubuta a wani ɗan littafi da ya zaro daga aljihu, ya rubuta kwatancen gidan a gefe. Babanmu ya sa hannu a takardun ɗazu bayan magariba, na ɗauki hotonsu kamar yadda Hadiza ta ce, gobe in Allah ya kai mu zan koma na aika ta EMS ɗin.