Me za mu kira "bug" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan ɓaraka

Jama'a masu buga gem, da masu kishin harshe, ku matso kusa. Mun daɗe muna kokawa kan yadda manyan wasannin RPG ke fitowa a lalace, wato wasannin nan da mutum zai shiga rigar jarumi, ya zaɓi halinsa da makaminsa, ya kwashe awa tamanin ko ɗari yana bin labari. Duk wanda ya buɗe baki sai ka ji "bug ya yi yawa". To mene ne sunan abin nan da Hausa? Ina da kalmar da na gamsu da ita, amma bari mu fara kallon abin da za a raɗa wa sunan.

Misalin da kowa ya sani shi ne Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt Red da ke Poland. Tun 2012 aka sanar da shi, aka ɗage fitowarsa sau uku a 2020, sannan ya fito ranar 10 ga Disamba. Mutum miliyan takwas sun riga sun biya kuɗi kafin su gan shi. Da suka kunna, musamman a na'urorin buga gem na PS4 da Xbox One, sai ga mutanen gari sun sandare da hannuwa a miƙe, motoci na nutsewa cikin kwalta, 'yan sanda na ɓullowa a bayanka ko da bango ka jingina. A kwamfuta kuwa, idan fayil ɗin da ke adana ci gabanka ya wuce megabait takwas, yana iya lalacewa ɗungurungum, wahalar makonni ta tafi a banza. Cikin kusan mako guda Sony, mai ƙera PS4, ta janye wasan daga shagonta na intanet, ta ce za ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yunin 2021. Wannan shi ne abin da muke nema wa suna.

Wanda ya fara ba ni amsa cewa ya yi "ƙwaro", tunda ma'anar kalmar ke nan a Turanci. Yana da hujja. A 1947 masu aiki da kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard sun ciro wani ƙwaro mai fiffike da ya maƙale a cikinta, suka manne shi a littafin aikinsu, kodayake injiniyoyi irin su Thomas Edison sun yi amfani da kalmar tun kafin nan da shekaru da dama. Amma ban karɓa ba, saboda dalili biyu. A bakinmu idan aka ce "wane ƙwaro ne" yabo ne, ana nufin gwani. Ka ce "gem ɗin nan cike yake da ƙwari" a gidan gem, wani zai ɗauka 'yan wasan kake kurantawa. Na biyu ya fi damuna. Ƙwaro daga waje yake zuwa. Idan ya shiga buhun wake ba a tuhumar manomin da ya noma. Abin da muke magana a kai kuwa ba daga waje ya shigo ba, a hannun masu yin wasan aka haife shi. Ba na son kalmar da za ta wanke mai laifi tun kafin a zauna.

"Matsala" ta yi faɗi. Ɗauke wuta matsala ce, ƙarewar data ma matsala ce. "Kuskure" ta matso, sai dai ɗan wasa ma yana kuskure, kuma idan na ce "kuskure ya kashe ni" ba a san nawa ba ne ko na kamfani.

"Tangarɗa" ce ta ja ni ƙwarai, don mun saba jin "tangarɗar na'ura" a rediyo. Kalma ce mai kyau kuma ba zan yar da ita ba. Amma ku lura da yadda muke faɗinta: an samu tangarɗa, a yi haƙuri, yanzu za ta wuce. Abu ne da ke giftawa. Ta dace da abin da Bature ke kira "glitch", kamar dokin Geralt, jarumin wasan The Witcher 3, da za ka kira shi ka hango shi tsaye a kan rufin gida. Ka yi mamaki, ka ci gaba da wasanka. Wannan tangarɗa ce. Abin da ya haifar da ita can cikin rubutun manhajar, wanda zai sake haifar da ita gobe da jibi muddin ba a taɓa shi ba, shi ne ba mu sa wa suna ba tukuna.

Shi na kira ɓaraka. Ku tuna asalinta a wajen tela: inda ɗinki ya saki, ƙyalle biyu da aka haɗa suka rabu. Yadin lafiyarsa lau, haɗin ne bai kamu ba. Haka abin yake a waɗannan wasanni. RPG babbar riga ce mai ɗinki dubbai: wannan ya shirya labari, wancan ya gina gari, wani ya tsara faɗa, wani ya tsara yadda wasan zai tuna cewa ka kashe wane a awa ta biyar don kada ya zo yana gaishe ka a awa ta sittin. Kowane yanki yana iya yin kyau shi kaɗai, a mahaɗa ake samun ɓarna. Shi ya sa RPG ya fi wasan ƙwallo fama da wannan, hanyoyin da ɗan wasa zai iya bi sun fi ƙarfin masu gwaji su bi su duka. Wannan uzuri ne na gaske, na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tela ya san hammata a ɓarke take, ya ninke riga ya miƙo maka daren Sallah don kada kasuwa ta wuce shi, ya karɓi kuɗinsa cif. A Janairun 2021 Marcin Iwiński, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CD Projekt, ya fito a bidiyo ya nemi afuwa, ya ce laifin na shugabanni ne, kada a ɗora wa ma'aikata.

Wani alherin kalmar shi ne ta zo da danginta. Ba sai mun ƙirƙiro fi'ili ba: gem ya ɓarke, an ɗinke ɓaraka. Abin da suke turowa daga baya don gyara kuma muna da sunansa a bakin titi, faci, irin na taya, ko maho irin na riga. Na fi son faci don shi samari za su fi saurin ɗauka. Har halin facin ma ya yi daidai: a toshe nan, can ya buɗe. A ƙarshen 2011 kamfanin Bethesda ya fitar da faci na 1.2 ga wasansa Skyrim, sai dodanni masu fiffike da ke cikin wasan suka koma tashi da baya. Har yau masoya wasan ne da kansu suke kula da wani faci nasu wanda ya ɗinke ɓaraka masu ɗimbin yawa da kamfanin ya bari. Mai saye ya koma tela, kuma kyauta.

Wata 'yar'uwa ta ce ai ɓaraka ta zama kalmar siyasa, ɓaraka a jam'iyya, ɓaraka a majalisa. Gaskiya ne, ranki ya daɗe, amma su ma 'yan jarida aro suka yi daga shagon tela, kuma ba wanda ya ruɗe. Idan ta iya zuwa majalisa, za ta iya zuwa cikin manhaja.

Ku gwada ta a baki ku ji. "Kada ka saya yanzu, ɓaraka ta yi yawa, jira su yi faci." "Akwai ɓaraka a aikin nan, mutumin da zan kai wa saƙon ya ƙi fitowa." "Sai da aka kai 2023 da faci na 2.0 kafin Cyberpunk ya zama rigar da aka yi alkawari." Kunnena bai ji baƙon abu ba ko ɗaya.

Saura guda da nake so mu yanke tare: irin ɓarakar da ke tsayar da wasa cak, ta hana ka ci gaba ko ta cinye abin da ka adana. Ni "ɓaraka mai kashe wasa" nake ce mata, amma ta yi tsawo. Mutanen Sakkwato da Damagaram da Zariya, da duk wanda ya taɓa zama a shagon tela, me kuke kiran yagewar da ta wuce ɗinki?