Neman kalma: me za a kira tuwita da wufa a shirin rediyo?

Mai Shirin Mota: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan gabatar da shiri kan canza sifikun da mota ta zo da su daga kamfani. Kalmomi biyu sun gagare ni. Ta farko ƙaramar sifikar nan da ba ta fi murfin kwalba ba, wadda ake maƙalawa a kusurwar ƙofa kusa da madubi, Turawa na ce mata tuwita. Na karanta wa abokin aikina, ya ɗauka Twitter nake nufi. Ta biyu babbar da ake ajiyewa a but, wufa. Don Allah a taimaka kafin dare.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ai tun daga "sifika" ka kauce hanya. Muna da amsa-kuwwa. Ka ce ƙaramar amsa-kuwwa da babbar amsa-kuwwa.

Mai Gyaran Wuta: Allah gafarta Malam, ba girma ne kaɗai ya raba su ba, aiki ne. Tuwita siririn sauti take fitarwa, daga jijjiga wajen 2,000 zuwa 20,000 a daƙiƙa, inda jin ɗan'adam yake ƙarewa. Ta cikin but kuwa ƙasa da 100 take aiki, irin sautin da ƙirji yake ji kafin kunne. Kuma sunanta na gaskiya sabwufa, kasuwa ce ta gajarta. Ta jikin ƙofa mai inci 6 da rabi, ita fa? Babba ce ko ƙarama?

Jikan Makaɗa: Wannan aikin kakanninmu sun gama shi. A taron kiɗa akwai mai kauri, akwai mai zaƙi. Wufa ita ce tambari, tuwita ita ce kanzagi, ɗan ƙaramin da ke raka babbar ganga. Tambari da kanzagi. Ku furta ku ji yadda suka zauna a baki.

'Yar Zariya: Kanzagi ta burge ni. Amma tambari ba zai yiwu ba. Yau in ka ce "tambarin mota", alamar kamfani da ke gaban mota za a kalla.

Jikan Makaɗa: To a ce tambarin sauti.

Malamin Hausa: Tambari kayan sarauta ne, ba a jefa shi a but kusa da safaya taya. Ita ma kanzagi, ka manta abin da ake nufi da 'yan kanzagi? Sai dai hanyar da ya bi ita ce daidai. Su Turawan daga haushin kare suka samo wufa, daga kukan tsuntsu suka samo tuwita. Ba su ji kunyar karensu ba, mu ne muke jin kunyar harshenmu. Abin yana yi mini ciwo.

Direban Kaduna: Malam, da girmamawa, me kake kiran birki? Giya fa? Taya, injin, ita kanta motar? Ba wanda ya ce mun zubar da mutunci da muka are su.

Malamin Hausa: Waɗancan sun shiga tun ba mu da masu nazarin harshe. Yanzu muna da su a jami'o'i, ba mu da uzuri.

Jikan Makaɗa: Shi ya sa na ce kanzagi. In gidan rediyo ɗaya ya yi wata guda yana faɗin ta, ta zauna.

Direban Kaduna: Ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa ka ce a ba ka kanzagi biyu, ka dawo ka ba mu labari.

Mai Shirin Mota: Jama'a, magariba ta kusa. Mai saurarona so yake ya san abin da zai saya, kar a cuce shi.

Mai Gyaran Wuta: To ga abin da ya kamata ya ji, ko da wane suna. Shekaranjiya na kwance ƙofar wata 'yar Kwatano. Fatar sifikar takarda ce, soson da ke zagaye da ita zafin rana ya cinye shi, ina taɓawa yana marmashewa a yatsana. Shi ne kakarin da mai motar yake ji. Don haka a fara da na ƙofofin gaba, ba da but ba. A duba om, wato ma'aunin yadda sifika take tare wutar da ke shiga cikinta, yawancin na mota 4 ne. Kada a ruɗu da ƙarfin wuta na wat 50 sau huɗu da ake rubutawa a jikin rediyo, ƙarfin da yake bayarwa a kai a kai bai cika wuce 20 ba, shi ya sa wufa take buƙatar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. A liƙa wa cikin ƙofa shimfiɗar roba don ƙarfen ya daina karkarwa. In aka juya wayar gefe ɗaya, mai alamar (+) ta koma gurbin mai alamar (-), kaurin sautin zai ɓace ko da sifikar Pioneer ce ko JBL. Sannan tuwita ba a jona ta kai tsaye, ƙonewa za ta yi. Sai an bi da ita ta wani ɗan akwati da ke tace sauti kamar rariya, ya ba ta siririn, ya tura mai kaurin ƙofa. Kurosoba muke ce masa.

'Yar Zariya: Tsaya. Rariyar sauti! Ka ƙirƙiro kalma ba ka sani ba.

Malamin Hausa: Wannan kam na karɓa. Hausa ce tsantsa, kuma ta faɗi aikin abin.

Mai Shirin Mota: Alhamdu lillahi. Ga yadda zan yi. Rariyar sauti ta shiga. Wufa zan bar ta, kowa ya san ta. Ɗayar kuma zan ce "sifikar siririn sauti, wadda 'yan kasuwa ke kira tuwita" a karon farko, daga nan in ci gaba da cewa 'yar siririya. Na gode ƙwarai.

Malamin Hausa: Ban gamsu da wufa ba, amma lokaci ya ƙure maka. Ko sau ɗaya ne ka ambaci amsa-kuwwa.

Jikan Makaɗa: Ni dai a motata kanzagi ce. In aka buɗe layin waya gobe zan kira.