'Yata ba ta iya barci da daddare, in ba ta melatonin ko in bari?

Salamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka min da shawara. 'Yata ce, shekararta 11, tun bayan babbar sallah barci ya ƙaurace mata, sai ta kai ɗaya na dare tana juyi a tabarma, wani sa'in in farka in ganta zaune bakin ƙofa tana kallon awaki. Da asuba kuwa tashinta sai an sha fama, malamar Islamiyya har aike ta yi min wai gyangyaɗi take a aji.

Na ƙwace wayata da take latsawa cikin duhu, na hana ta shayi bayan magariba, kakarta ta yi mata tofi, har yanzu shiru.

To ƙanina da ke Kano ya kawo mana melatonin nan ƙauyenmu wajen Ringim, irin mai kama da alawa ɗin nan, ya ce dama ƙwaƙwalwa ce ke fitar da shi in duhu ya yi kuma hasken waya na danne shi, a Amurka haka kawai ake saye amma a Ingila sai likita ya rubuta. Wannan na Ingilan ne ya tsaya min a rai, ga shi yarinyar ta fara alamun girma, tsorona kar ya taɓa mata balagarta. Babanta ya ce a ba ta kawai, ni dai kwalbar na cikin kwalla ban buɗe ba.

Masu aikin asibiti, ana ba mai shekarunta? Ko jinkirin barcin na girman ne, in haƙura har ranar kasuwa in kai ta asibiti?