Neman suna: kadangaren da ake ce ma "dragon volant"

Assalamu alaikum ƴan uwa na Damagaram, wani mushe da ke koyar da SVT (kimiyyar halittu da ta ƙasa) a kwaleji ya nemi mu taimaka mai da sunan Hausa na wannan ƙaramin kadangaren da littafin Faransanci ke ce ma "dragon volant", masana kuma suna ce mai Draco. Ga inda muka kwana.

Da farko dai a san shi. Danginsu ɗaya da kadangarenmu na gida, wato jan gwadan nan da ke gyaɗa kai kan duwatsun Birni, sai dai shi a dazukan Indonesiya, Maleshiya, Filifin da kudancin Indiya yake, irinsa sun kai wajen 40. Tun 1758 wani masanin halittu mai suna Linnaeus ya raɗa mai Draco volans. Tsawonsa har da wutsiya wajen santimita 20 ne, abincinsa tururuwa da gara, a jikin bishiya yake yini yana jiran su zo wucewa.

Wani ɗan uwa ya ce a ce "dodon kadangare" tunda dragon dodo ne. Malam ka yi haƙuri ban yarda ba, abin da bai da dafi kuma bai kai rabin damo ba ina shi ina dodo, yara za su ji sunan su ɗauka mugun abu ne a riƙa jifa.

Hajiya kuma ta kawo "kadangare mai tashi", wannan ya fi kusa amma akwai gyara, don ba ya tashi daga ƙasa ya yi sama kamar tsuntsu, ba ya kaɗa komai. Abin da Allah Ya yi mai shi ne haƙarƙarinsa guda 5 zuwa 7 a kowane gefe sun yi tsawo sun fito waje, fata ta lulluɓe su, in yana zaune sai ya naɗe su a jikinsa ya saje da ɓawon icce ba ka ma ganinsa, in ya so sauya bishiya sai ya yi tsalle ya ware su kamar yadda ake buɗe laima, ya sulalo cikin iska yana gyara hanya da wutsiya. An ga wanda ya yi mita 60 a haka, kuma mita 10 kawai ya sauko. Fatar nan in ta buɗe kala gare ta, wasu ja wasu ruwan ɗorawa. Namijin har da wani leɓe a maƙoshi da yake miƙewa yana naɗewa don ya kori kishiyoyinsa maza ko ya ja hankalin mace.

Shi ya sa ni na tsaya kan "kadangaren laima". Kowa a nan ya san sojan laima, ya san ba tashi suke ba, sauka suke daga sama a hankali. Sunan gajere ne kuma ya faɗi aikin.

Wanda ya tambaya ko yana sauka ƙasa: macen ce ke sauka in za ta yi ƙwai, ta tona rami da bakinta ta zuba 2 zuwa 5, ta rufe, ta yi gadin kwana ɗaya ta koma bisa.

Mushe, sai ka gwada shi a aji ka ji ko ya zauna a bakin yara. Jam'insa kadangarun laima.