Ina son komawa ɗaurin aure bayan ritaya, ta ina zan fara?

Baban Sadiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Baɗi zan cika shekara 35 a aikin gwamnati, in ajiye. A unguwarmu nan Kano, idan liman ya yi tafiya ni ake tura wa yaro a ce in zo in ɗaura aure, don an san na taɓa karatun zaure. Ina so in riƙi abin da gaske, kada in ci gaba da yin sa da ka. Me zan karanta, wa zan bi?

Malam Na Zariya: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka koma babin nikahi na Risala, a gaban malami, har ka wuce saki da idda da shayarwa. Daga nan sai littafin Askari, shi ma na fiƙihun Malikiyya ne. Waliyyi, sadaki, shaidu biyu da siga kowa ya haddace su, kuma an san mafi ƙarancin sadaki a Malikiyya rubu'in dinari ne. Inda ake zamewa shi ne auren bazawara. Sai an shimfiɗa tabarmi, an raba goro da alawa, sannan ka ji wata gwaggo daga zaure tana cewa ai tsarki biyu ta yi, na uku bai zo ba. Ko a ce saki ɗaya ne alhali na uku ne. Don haka ka riƙa zama da waliyyi tun ana gobe: yaushe aka sake ta, ina takardar, akwai juna biyu? Idan mijin rasuwa ya yi, wata 4 da kwana 10 sun cika? Ka tambayi ko akwai nono tsakanin yaran, musamman auren zumunci.

Maman Ummi: Baba, don Allah a ƙara da tambayar yarinyar ita kanta. Ranar ɗaurin aure maza ne kaɗai a ƙofar gida, ita tana ɗaka. Ka tura iyalinka ko wata dattijuwa ta ji ta bakinta ba a gaban uba ba.

Abba Lauya: Kawu, tun 2024 akwai doka a Kano, wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu, cewa ba a ɗaura aure sai da takardar gwajin lafiya: ƙanjamau, ciwon hanta, da nau'in jini (genotype) saboda sikila. Ka gan ta da idonka kafin a yi fatiha, kada ka yarda da "tana gida".

Alhaji Zango: Mu nan Kumasi akwai dokar auren Musulmi tun 1907. Limamin da ke sa hannu a rajista sai yana da lasisi, kuma cikin mako guda ake rajistar. Da yawa ba sa yi, sai rabon gado ya taso a shiga uku. Ko ba a tilasta maka ba, sayi babban littafi ka riƙa rubuta sunan ango da amarya, wakilai, shaidu, nawa ne sadaki, lakadan ne ko ajalan.

Baban Sadiya: Rubutun rajista kam aikina ne tun ina saurayi. To batun abin sakawa a baki fa?

Malam Na Zariya: Gaskiya ba albashi a ciki. Ɗan abin da ake ware wa malamai ne, wani gidan goro kawai za ka tashi da shi. Ka dogara da fanshonka, ka haɗa da wata 'yar sana'a, don wanda ke jiran ambulan zai yi nauyin bakin cewa a dakata. Kuma kada ka sha gaban liman. Je ka same shi bayan sallar asuba, ka ce kana so ka riƙa zama gefensa.

Baban Sadiya: Allah ya saka da alheri. Jumma'ar nan akwai aure biyu a masallacinmu, zan same shi kafin nan.